Takardar Takwara

A ƙasan ginin asibitin, bayan ɗakin girki, inda hasken rana ba ya shiga sai ta wasu ƙananan tagogi uku da ke can kusa da rufi, nan ɗakin wanki yake. Injuna huɗu ne jere a jikin bango, biyu na wanki biyu na busarwa, sai dogon teburin guga a tsakiya, da kantoci waɗanda ake jera zannuwan gado a kansu bayan an ninke. A wannan ɗaki wata mata ta yi shekara ashirin da shida tana aiki, kuma a duk tsawon lokacin nan da wuya a sami mutum biyar a asibitin da suka taɓa kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Ƙarama ake ce mata.

Ranar da ta kama aiki ta tarar da wata mai suna irin nata, har sunan mahaifinsu ɗaya ne. Shugabar sashen ta wancan lokaci ta gaji da kira ɗaya a amsa mata biyu, sai ta raba gardama: wadda ta riga zuwa ita ce Babba, sabuwar kuma Ƙarama. Ba a duba shekaru ba, ba a duba tsawo ba. Alhali Ƙarama ta girmi Babba da shekara biyu, ta kuma fi ta tsawo nesa ba kusa ba, domin ita doguwa ce siririya mai ƙarancin magana, Babba kuwa gajeruwa ce mai jiki, wadda ake jin dariyarta tun daga bakin matakala duk da rurin injuna. Su biyun a tsakaninsu ba su taɓa amfani da waɗannan sunaye ba. Takwara suke kiran juna, safe da yamma.

Wanda bai taɓa ninke zanen gadon asibiti ba zai ɗauka aikin mutum ɗaya ne. Zanen yana da faɗi, yana da nauyi, kuma dokar ɗakin ita ce kada gefensa ya taɓa ƙasa; in ya taɓa, ya koma inji ke nan. Saboda haka mutum biyu ke yi. Kowace ta kama kusurwa biyu, su ja da baya har zanen ya miƙe, su kaɗa shi sau ɗaya, su haɗa gefe da gefe, sannan ɗaya ta tako zuwa gaban 'yar'uwarta ta miƙa mata kusurwoyin hannunta, ta sunkuya ta kamo ƙasan. Sau biyu ake takowa ga kowane zane. A ranar da aiki ya yi yawa sukan ninke ɗari da hamsin, wato sau ɗari uku ke nan fuskar ɗaya takan zo daf da ta ɗayar kafin a tashi. A wannan ɗan tsakanin suke hirarsu, gutsure-gutsure, tun da injuna ba su barin a ji magana daga nesa: a faɗi rabin zance in an haɗu, a ja da baya da sauran a baki, a ƙarasa a haɗuwa ta gaba. Ta haka Babba ta sanar da ita cikin autanta tun kafin mijinta ya sani. Ta haka kuma Ƙarama ta faɗa mata abin da likita ya ce game da nata mijin.

Mijin Ƙarama mai gyaran wutar lantarki ne, mutum mai haƙuri da shiru. Ya rasu a hawa na biyu na wannan asibitin, a kan zanen da wataƙila ita ce ta goge shi da hannunta. 'Ya'ya biyu ta haifa masa, duka ba su kai yaye ba. Bayan rasuwar ta rasa inda za ta sa kanta, domin ɗan'uwanta guda ɗaya yana wani gari da nasa iyalin da nasa matsin. Babba ce ta bi mai gidan da suke haya, ta yi ta yi masa naci har ya ba Ƙarama ɗaki da falo a hawa na biyu, ƙofa na kallon ƙofa, taku uku tsakani. Shekara goma sha takwas ke nan.

Mijin Babba shi ne ke tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya ta asibitin kafin idonsa ya fara rauni a sauke shi, amma har yanzu Direba kowa ke kiransa. Ƙarama takan ce masa Yaya. Shi kuma ya sa mata Sufeto, saboda ba ya fita da safe ta gan shi ba tare da ta kalli wuyan rigarsa ta girgiza kai ba. Yakan ce ya yi shekara talatin yana wuce shingen bincike da jiniya ba wanda ya tsayar da shi, sai da ya tsufa aka kafa masa shinge a ƙofar ɗakinsa. Da la'asar su ukun sukan fito da kujeru baranda su sha shayi, Direba yana ba da labarin hanyoyin da ya bi, matan suna gyara masa inda ya ƙara gishiri. 'Ya'yan Babba uku sun tashi suna shiga ɗakin Ƙarama kamar nasu, a can suke ɓuya in sun yi laifi. Duk sun girma sun watse. Babban cikinsu ya sami aiki a wata ƙasa mai nisa, wadda sai an kwana biyu a mota kafin a kai, ya yi aure a can, ya gina gida.

A shekarun baya-bayan nan gwiwoyin Babba suka fara ciwo. Da can ita ce mai takowa wajen ninki; wata rana, ba tare da an yi shawara ba, Ƙarama ta karɓi takun, Babba ta riƙa tsayawa wuri ɗaya. Ba su taɓa ambata wannan canji ba. Amma Ƙarama ta lura sabuwar shugabar sashen takan tsaya a bakin ƙofa tana kallon yadda Babba ke dafa tebur kafin ta miƙe, ta kuma ji ana raɗe-raɗin za a kawo injin da ke gogewa ya ninke da kansa. Abin ya zauna mata a rai, ba ta faɗa wa kowa ba.

Wata Litinin da hantsi, Babba ta hau sama ganin likitan ƙashi, sai ga wani akawu da aka yi wa canjin wurin aiki kwanan nan ya shigo da ambulan a hannu. Ya ɗaga murya ya karanta sunan da ke jiki, suna da sunan mahaifi. Ƙarama ta goge hannunta a jikin rigar aiki ta karɓa. Karatunta bai yi nisa ba. Tana gane sunanta, tana gane lambobin ɗakunan kwanciya da ake bugawa a gefen zannuwa, amma irin rubutun ofis ya fi ƙarfinta. Ta roƙe shi ya duba mata. Ya buɗe, ya bi layukan da ido, ya ce takardar sallama ce, daga ƙarshen wannan wata.

Ƙarama ta nemi bakin tebur ta jingina. Akawun ya ga yadda fuskarta ta canza, ya tambaye ta lambar aikinta, ta faɗa. Ya sake duba takardar, ya dafa goshi, ya ce ta gafarce shi, ba tata ba ce, ashe su biyu ne masu sunan. Ya miƙo hannu zai karɓa. Ta ninke takardar ta cusa a aljihu, ta ce ya je abinsa, ita za ta isar.

Kalmar sallama ɗaya ce, ko korar mutum aka yi ko shi ya nemi a bar shi ya tafi, kuma Ƙarama ta ɗauki ma'anar da ta daɗe tana tsoro. Ba ta ko cire rigar aikinta mai jiƙe ba ta hau matakala zuwa ofishin shugaba. Ta tarar da ita tare da mai kula da sito da ma'aikatan jinya biyu, suna duba wasu sababbin barguna. Matar da ta yi shekara ashirin da shida ba a taɓa jin muryarta a saman ta wani ba, ranar ta ajiye takarda a kan tebur ta yi magana ba tsayawa. Ta ce in an ga aiki ya ragu, daga wajenta ne, domin ita ke takowa. Ta ce a duba ko an taɓa maido da zane guda daga ɗakin tiyata saboda tabo tun da takwararta ke ɗakin nan. Ta ce gwiwa ba ta guga, hannu ke yi, kuma hannun Babba lafiyarsa ƙalau. Daga ƙarshe ta ce in dole sai an rage mutum ɗaya, to, ga suna nan a takarda, nata ne ita ma, ba sai an sake bugawa ba; lamba kawai za a gyara. Ita ba ta da wanda take ciyarwa, Babba kuwa tana da miji mai ciwon ido.

Shugabar ta bar ta har ta kai aya. Sannan ta jawo kujera, ta ce a hankali:

"Zauna, Ƙarama. Ba wanda ya kori takwararki. Ita ta rubuto da kanta tun wata uku da suka wuce, tana neman a sallame ta. Ɗansu ne zai ɗauke su, su koma wajensa gaba ɗaya. Wallahi na ɗauka ke ce kika fara sani."

Mai kula da sito, wanda bai iya barin shiru ya zauna lafiya ba, ya ƙara da cewa ai shi ma ya tara musu kwalaye na haɗa kaya tun makon jiya. Ɗaya daga cikin ma'aikatan jinyar ta taka masa ƙafa, amma maganar ta riga ta fita. Ƙarama ba ta zauna ba. Ta ɗauki takardar, ta ba da haƙuri bisa ɗaga murya da ta yi, ta sauka.

Ta ajiye ambulan ɗin a tsakiyar teburin guga, inda ba za a kasa gani ba. Da Babba ta dawo tana ɗingishi, da ƙullin magani a hannu, idonta ya faɗa kansa, sannan ya faɗa kan fuskar Ƙarama, ta gane komai. Ta buɗe baki ta ce, "Takwara," sai Ƙarama ta jawo zane daga kwando ta miƙa mata kusurwa biyu.

Daga ranar ba ta sake yi mata magana ba sai abin da aiki ya tilasta: kama, ja, saki. Aikin kuwa bai san da fushi ba. Dole ta tako, dole ta tsaya daf da ita, dole yatsunsu su haɗu wajen miƙa kusurwa. Abin da ta iya yi kawai shi ne ta kafa idonta a kan ɗinkin gefen zanen. A kwana biyun farko Babba ta yi ta ƙoƙarin jefa kalma a kowace haɗuwa, Ƙarama tana ja da baya kafin kalmar ta cika. A rana ta uku Babba ta daina. Masu tura kwandunan wanki suka lura ɗakin ya yi wani iri, har ɗayansu ya tambaya ko injin ne aka gyara, don ya ji ƙararsa ta ƙaru.

Ba tafiyar ce ta fi yi mata ciwo ba, ko aƙalla haka ta riƙa faɗa wa kanta. Ta san Direba na buƙatar mai kai shi asibiti ya dawo da shi, ta san matakala ashirin da biyu sun yi wa gwiwar Babba yawa, ta kuma san ɗan nan ɗa ne na gari. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne wata uku. Wata uku fuskar nan tana zuwa gabanta sau ɗaruruwa a yini, tana ba ta labarin tsadar sabulu da rigimar maƙwabta, alhali akawu ya sani, mai sito ya sani, mai gida ya sani. Ita kaɗai aka bari ta hau bene da jiƙaƙƙiyar riga ta yi wa mutane wasan kwaikwayo.

A gida ta daina fito da kujera baranda. Tana dawowa sai ta rufe ƙofa, ta zauna a bakin gado tana jin abin da ke gudana taku uku daga inda take: ana jan kabad, ana yage salatif, ana naɗe kofuna a tsohuwar jarida. Ta san kowane kaya da ƙararsa. Ta ji ranar da aka sauke agogon bango, domin daga ranar ba ta sake jin bugunsa ta cikin katanga ba, sai ta riƙa farkawa kafin lokaci tana laluben wayarta.

Ana saura kwana huɗu, da la'asar, aka ƙwanƙwasa. Muryar Direba ce. Ya ce Sufeto ta fito ta yi aikinta, ga shi nan da rigar da ya kwana a kanta da gangan, wuyanta kamar an tauna, kuma yana shirin fita da ita cikin jama'a ya ja wa hawa na biyu abin kunya. Ta amsa daga ciki cewa kanta ke ciwo, Yaya ya yi haƙuri. Ta ɗauka ya tafi. Sai ta ji ya jingina da ƙofar, muryarsa ta sauka.

"Ƙanwata, tun ranar da yaron nan ya bugo waya na ce ta faɗa miki. Kullum ta fita sai ta ce yau, kullum ta dawo sai ta ce gobe. Na ce to ni bari in faɗa, ta ce in na yi ba za ta yafe mini ba, daga bakinta ya kamata ki ji. Ban ce ta kyauta ba. Ranar Asabar ƙarfe bakwai motar tasi za ta zo ta kai mu tasha. Na faɗa miki ne don kada wannan ma ki ji a bakin wani."

Washegari Ƙarama ta tashi da niyyar yin magana. Ta shirya abin da za ta ce tun a hanya, gajere, ba zargi a ciki. Zanen farko ta tako, ta ɗaga ido, ta ga fuskar Babba ta faɗa, ƙasan idonta ya kumbura, ga wata sabuwar furfura a bakin ɗankwali. Sai kawai ta sunkuya ta kamo ƙasan zanen. Ta ce a ranta sai na gaba. Na gaba ya zo ya wuce. Ta lura muddin ba ta buɗe baki ba, ranar tana kama da sauran ranaku, kwando na cika yana ƙarewa. In ta furta, to, tafiyar ta tabbata ke nan. Haka Laraba ta wuce, haka Alhamis. Sai ranar Juma'a, tana tsakiyar taku da zane a hannu, ta fahimci abin da take yi kwana uku shi ne abin da Babba ta yi wata uku. Fahimtar ba ta buɗe mata baki ba. Kunya ce ma ta ƙaru a kan fushin, ta rasa ta inda za ta fara.

Da rana ma'aikatan sashen suka taru a ɗakin hutu da shayi da biskit don yi wa Babba ban kwana. Ƙarama ta ce akwai kaya a inji da ba za a bari su kwana da danshi ba. Daga inda take tana jin tafi, tana jin shugaba na jawabi. Bayan an watse Babba ta shigo ta kwashe abin da ke cikin akwatinta na bango: kofi, tsohon takalmi, man zafi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallon ɗakin, sannan ta hau matakala a hankali, tana dafa bango.

Ranar Asabar gari na wayewa Ƙarama ta ɗauki tsintsiya, don hannunta ya sami abin yi. Zanen gida ne a jikinta da mayafi, da silifas ɗin banɗaki a ƙafa. Tana jin masu ɗaukar kaya suna hawa suna sauka, tana jin Direba na gargaɗinsu kan akwatin da ke da gilashi. Can hayaniyar ta lafa. Aka ja ƙofar da ke kallon tata, aka murɗa makulli. Sai takun Babba, guda uku, ya tsaya. Ba a ƙwanƙwasa ba. Ƙarama ta ga ƙofarta ta ɗan motsa a cikin katakonta, kamar an ɗora tafin hannu a kai daga waje, ta tsaya haka na ɗan lokaci, sannan ta koma yadda take. Takun ya nufi matakala, ƙafa ɗaya na jiran ɗaya a kowane hawa.

Ƙarama ta tsaya da tsintsiya a hannu har ta ji an rufe ƙofar mota, inji ya tashi. Ba ta san lokacin da ta zare sakata ba. Ta sauka matakalar nan bibbiyu, abin da ba ta yi ba tun tana budurwa, ta fito titi motar har ta fara tafiya. Ba ta kira ba. Bin ta kawai ta yi, mayafi na zamewa. Direba da ke gaba bai gan ta ba, idonsa ba ya kaiwa nan. Mai tasin ne ya duba madubi ya ce akwai wata doguwar mata da ke bin su, ko sun manta wani abu ne. Babba ta ce ya tsaya. Ta buɗe ƙofa, ta ɗauke jakar da ke kan kujera ta ɗora a cinyarta, Ƙarama ta shiga ta zauna tana haki.

Motar ta ci gaba. Direba bai waiwayo ba. Ya gyara zama ya shiga koya wa mai tasin yadda ake canza giya, ya ce ya ji tun daga farko yana wahalar da injin, ya tambaye shi wa ya koya masa tuƙi, kuma ko mutumin yana raye a je a yi masa magana. Mai tasin ya biye masa, gardama ta kaure a gaba, ta bar wa na baya wuri.

Kafaɗarsu na gugar juna saboda kaya. Ba mai kallon wata; duka biyun gaba suke kallo. Babba ce ta fara.

"Sau nawa na buɗe baki, Takwara. Da kin tako sai in ga ba zan iya ba."

"Na sani," in ji Ƙarama. "Ni ma na gwada."

Suka wuce gidan mai, suka wuce makarantar da yaran suka yi. Ƙarama ta tambaya ko gidan yaron bene ne. Babba ta ce a ƙasa yake, ko tudu babu a ƙofa. Ta tambaya ko akwai likitan ido kusa. Aka ce akwai. Ta ce kada Babba ta yarda surukarta ta hana ta motsi da sunan ladabi, domin gwiwa in ta zauna ta zauna ke nan, kuma ta riƙa shafa man zafin da safe, ba sai ciwo ya tashi ba. Babba ta ce ta ji. Sannan ta share hanci da bakin mayafi, ta ce labari ya iske ta cewa wata ta hau ofis ta ce a kore ta a madadinta, lamba kawai za a gyara.

"To da sun yarda fa?" in ji Babba.

"Da kin tafi, na tafi, su zo su ninke da kansu."

Babba ta yi dariyar nan tata har jakar cinyarta na rawa, dariyar ta juye ta zama kuka, Ƙarama ta laluba ƙarƙashin jakar ta kamo hannunta. Ta riƙe shi har tasha. Tafiyar minti ashirin ce.

A tasha babbar motar har ta kusa cika. Aka shiga ɗora kaya, ana kiran lambobin kujeru, ba wurin tsayawa a yi doguwar magana. Direba ya zo gaban Ƙarama ya tsaya, ya rasa abin wasan da zai yi, sai ya ce ta riƙa kunna fitilar baranda ko ba kowa, saboda matakalar tana da duhu. Ta ce to, Yaya, Allah ya ƙara lafiya. Babba ta ce za ta kira da zarar sun isa. Duka biyun sun san ba su taɓa yin minti biyu a waya ba, domin ba su taɓa buƙata ba. Mai kiran lamba ya sake kira. Ƙarama ta sunkuya, kamar yadda tsawonta ke sa ta yi kullum, ta ce daf da kunnenta:

"Kwana goma sha tara aka ba ni, na zubar da su. Ki yafe mini."

"Ni na fara zubar da wata uku. Ke za ki yafe."

Aka taimaka wa Babba ta hau. Gilasan motar masu duhu ne, Ƙarama ba ta san ta wace taga suke ba, saboda haka da motar ta motsa sai ta ɗaga hannu ga dukan tagogin, tun daga na gaba har na baya, ta bar shi a sama har motar ta fita ƙofar tasha ta shiga cikin sauran motoci.

Sai a lokacin ta duba jikinta. Ba jaka, ba waya, ba ko abin shiga mota, ga silifas ɗin banɗaki a ƙafa. Mai tasin kuma ya daɗe da samun wasu fasinjoji. Ta gyara mayafinta ta kama hanya. Ta bi ta gaban shagunan masu gyaran babura ana buɗewa, ta bi ta kan gadar da ba ta taɓa hawa da ƙafa ba, ta tsaya sau biyu ta tambayi hanya a garin da ta yi rabin rayuwarta a cikinsa. A wani wuri ta ga wata mata ta shanya zannuwa a kan waya, gefensu na jan ƙasa, ta juya kai kamar za ta nuna wa wani, sannan ta ci gaba da tafiya. Rana ta ɗaga sosai kafin ta iso layinsu.

Ta tarar da ƙofarta a buɗe yadda ta bar ta, sharar da ta tara tana nan a bakin ɗaki. Mai gida har ya zo ya ƙara nasa kwaɗo a ɗaya ƙofar. Ƙarama ta zauna a kan matakalar ƙarshe, ta cire silifas ɗin ta duba inda ya ci mata tsakanin yatsu. Babu mai hawa ko sauka a wannan hawa yanzu sai ita, saboda haka ba ta yi gaggawar tashi ba.